Makarantar Ban Dariya: Wane Aji Za Ka Shiga?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu taɓo wata sana'a da kowa ke cin moriyarta, amma kaɗan ne daga cikinmu suka ɗauke ta abin da ake zama a gaban malami a koya, wato ban dariya. Mu a nan, idan yaro ya iya sa mutane dariya sai mu ce baiwa ce, Allah ne Ya ba shi, shi ke nan an rufe magana. To, baiwar gaskiya ce. Amma a wasu ƙasashe, musamman Amurka, akwai makarantu sukutum da ba abin da suke koyarwa sai barkwanci, kuma mutum kan biya daloli ɗaruruwa don ya yi mako takwas a cikinsu. Idan ka je yin rajista, yawanci ajujuwa uku za a shimfiɗa maka. Akwai ajin wasan nan-take, wanda ake hawa dandamali ba takarda ba shiri. Akwai ajin rubutun barkwanci. Akwai kuma ajin aktin, kamar yadda 'yan fim ɗinmu ke faɗa. Mai kuɗin aji ɗaya tak, wanne zai zaɓa?

Da can wannan tambayar mutanen birnin Shikago na Amurka ce, ba ruwanmu da ita. Yanzu kuwa duk unguwar da ka shiga za ka tarar da samari da waya suna ɗaukar gajeren wasa don TikTok ko YouTube, kuma tun annobar korona ta 2020 makarantun nan da yawa suka buɗe ajujuwa ta intanet, waɗanda ɗan Gusau ko ɗan Maraɗi zai iya shiga in yana da kuɗi da data da Turanci. Ko ma mutum ba zai taɓa biyan ko sisi ba, sanin abin da kowane aji ke gyarawa zai nuna masa inda gurguntarsa take.

Mu fara da na nan-take, don shi ne wanda suka fi tura sabon shiga. Tushensa a Amurka wata mata ce, Viola Spolin, wadda a wajejen ƙarshen shekarun 1930 take aiki da 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka a birnin Shikago. Ta lura in ta ce wa yaro ya fito ya yi wasa sai ya daskare, amma in ta mayar da abin wasan yara mai doka, sai ya manta ana kallonsa. Ta yi ta ƙirƙiro irin waɗannan wasanni, har ta tattara su a littafi a 1963. Ɗanta, Paul Sills, shi ya ɗauki dabarun mahaifiyarsa ya kai su gaban 'yan kallo. Da shi aka kafa wata ƙungiya mai suna Compass Players a 1955, sannan a watan Disamba na 1959 shi da abokansa biyu suka buɗe gidan wasan Second City, wanda har gobe yana nan, kuma manyan 'yan barkwancin Amurka da dama, irin su Bill Murray da Steve Carell da Tina Fey, ta nan suka biyo.

Yaya ajin yake? Mutum goma sha biyar ko sha shida, sau ɗaya a mako, wajen awa uku. Ɗaki ne fayau, sai kujeru. Malami zai kira mutum biyu tsakiya, ya ce su fara. Babbar dokar da za a cusa maka tun ranar farko ita ce: duk abin da abokin wasanka ya kawo, ka amince da shi, sannan ka ɗora naka a kai. Ga yadda abin yake. A ce na farko ya shigo a guje ya ce, "Maigida, akuyar nan fa ta cinye takardar filin!" Sabon shiga, don ya burge, sai ya ce, "Wace akuya? Ni ba ni da akuya, kuma ni ba maigidanka ba ne." Za a ɗan yi dariya sau ɗaya, amma wasa ya mutu, ya bar ɗan'uwansa tsaye ba akuya ba maigida ba fili. Wanda ya sha horo kuwa dafe kai zai yi ya ce, "Innalillahi! Maza ɗaure ta, yau da ita za mu tafi kotu." Sai na farko ya ce, "Ai alƙali cewa ya yi a zo da takardar asali." Shi kuma ya ce, "To ai ga ta nan a ciki, sai kotu ta yi haƙuri ta fito." Kun ji yadda kowa ke miƙa wa ɗan'uwansa abin da zai taka? Ba wanda ya san inda za a ƙare, amma ana tafiya.

A nan ne nake so masu sauraro su tsaya su yi tunani, don akwai wani ruɗu da ke kama mu. Bahaushe zai ce, ai mu wannan a jininmu yake. Muna da tashe, muna da 'yan kama da 'yan gambara, muna da wasan taubasai, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa, ga majalisar mai shayi inda ake kwana ana zolaya. Haka ne, saurin baki kam ba a bar mu a baya ba. Amma ku duba da kyau, yawancin wannan barkwanci namu gasa ce. Ana yi ne don a kayar da abokin magana, a rufe masa baki, 'yan majalisa su sheƙe da dariya su ce an gama da shi. Wanda ya tashi a haka, in wani na magana ba sauraro yake ba, jira yake ya ga kafar da zai soka tasa. Shi ya sa za ka ga gwanin majalisa, wanda kowa ke tsoron bakinsa, in an haɗa shi wasa da mutum biyu sai ya cinye fitowar shi kaɗai, sauran su koma kamar 'yan rakiya. Irin wannan mutum ajin nan-take zai ba shi wuya ƙwarai, kuma shi ne ya fi kowa buƙatarsa. Na biyunsa shi ne mai kunya, wanda cikinsa cike yake da abin dariya amma da an juyo an kalle shi sai harshe ya ɗaure. A ajin nan za ka faɗi abin da bai ba kowa dariya ba sau da yawa, a gaban mutane, har tsoron ya fita daga ranka.

Abin da ajin ba zai ba ka ba shi ne abin riƙewa a hannu. An yi, an yi dariya, an watse. Gobe in aka ce maimaita na jiya, ba za ka iya ba, ko ka iya ma ba zai yi armashin na jiya ba. Kuma ba ya koya maka yankewa. Mai wasan nan-take yakan so duk abin da ya fito daga bakinsa.

Wani zai ce, to Samanja fa? Ai su ba da takarda suka yi suna ba. Gaskiya ne cewa wasannin rediyo da talabijin na wancan zamani, da na ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Nijar inda su Yazi Dogo suka shahara, yawanci ƙashin labari ake tsarawa, a san wa zai shigo, me zai faru, ina za a tsaya, sai 'yan wasa su cika maganar da bakinsu. 'Yan wasan Italiya ma haka suke yi tun ƙarni na 16, a manna taƙaitaccen tsari a bayan dandamali, kowa ya leƙa ya shiga. Amma ku tuna wane ne Samanja. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya riƙa fitowa a matsayin Samanja, ya kuma rasu a 2023, tsohon soja ne. Ya san bariki ciki da bai, ya san yadda samanja ke tsawa, da yadda yake gauraya Hausa da Turancin bariki, da yadda yake laushi in ya ga na gaba da shi. Shekara da shekaru yana sanye da rigar mutum ɗaya, har ta kai ko cikin barci aka tashe shi ya san abin da Samanja zai ce. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, shi ma sai da ya yi aikin gandiroba, ya ga mutane iri-iri, kafin duniya ta san shi. Waɗannan mutane suna da rumbun da suke ɗiba. Yaron da ya fara jiya, ba hali tsayayye da ya gina, ba labari, ya kunna kyamara ya ce zai yi nan-take, minti ɗaya ake yi abin faɗa ya ƙare masa. Daga nan sai ihu, sai zagi, sai duka, sai kwaikwayon Hausar wata ƙabila ko tafiyar mai lalura. Duk wanda ke kallon wayarsa ya san abin da nake nufi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan ajujuwa uku na koyon barkwanci. Mun iso na biyu, ajin rubutu, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ba zan ɓoye muku ba, nan zuciyata ta fi karkata.

Shi wannan aji aikin gida ne ginshiƙinsa. Kowane mako za ka zo da gajeren wasa, shafi uku zuwa biyar. A zauna a kewaye tebur, a raba wa 'yan aji rawar da za su karanta, su karanta da ƙarfi, kai kuma marubuci ka yi shiru. Ba a yarda ka ce "abin da nake nufi shi ne" ba. Biro kawai za ka riƙe, kana sa alama inda aka yi dariya da inda ɗaki ya yi tsit. Wannan tsit ɗin yana da ciwo, jama'a. Layin da ka kwana kana yi wa dariya kai kaɗai, a karanta shi a wuce ko tari ba wanda ya yi. Amma babu malamin da ya kai shi faɗa maka gaskiya.

Darasin farko da za a koya maka shi ne, gajeren wasa abin mamaki ɗaya yake ɗauka. Ka samo abu guda da ya karkace, ka bar komai a daidai, sannan ka yi ta hawa da shi mataki-mataki. Bari mu gina ɗaya tare. A ce akwai wani maigadi da aka ba shi littafin baƙi, aka ce kowa ya shigo sai ya sa hannu, shi kuma ya riƙe wannan doka fiye da komai a duniya. Ƙarfe biyun dare ɓarawo ya hauro katanga. Maigadi ya dalle shi da tocila. Mai kallo na jiran ihu ko gora, sai ya ji, "Malam, ka sa hannu?" Wannan mataki na ɗaya ke nan. Na biyu, ɓarawo ya ga hanyar tsira, ya karɓi biro. Maigadi ya bi shi layi-layi: suna, unguwa, wurin wa ka zo, dalilin ziyara. Ɓarawo ya rasa ta cewa ya ce, "Sata." Maigadi ya gyaɗa kai ya ce ya rubuta da kyau yadda za a iya karantawa. Na uku, 'yan sintiri suka iso da gudu, maigadi ya tare ƙofa, ba mai shiga sai ya sa hannu, biro kuwa yana hannun ɓarawo a ciki, sai a jira ya fito. Ƙarshe, ga ɓarawo ya fito da talabijin a ka, maigadi ya daka masa tsawa ya cafke shi. Kowa ya ce yauwa. Sai maigadi ya ce, "Ba ka rubuta lokacin fita ba."

To, kun san abin da sabon marubuci zai yi da wannan labari? Zai ji tsoron kada bai isa ba, sai ya ƙara mahaukaci ya shigo, ya ƙara matar maigida da taɓarya, ya sa maigadin ya zama mai in'ina kuma kurma. Abin dariya huɗu a wuri ɗaya, kowanne na danne ɗan'uwansa. Malamin rubutu zai sa jan biro ya soke su duka, ya ce koma kan littafin baƙi. Zai kuma nuna maka cewa kalmar da ke ɗauke da dariya ita ake ajiyewa a ƙarshen jimla, kuma in an faɗe ta a tsaya. In maigadi ya ce, "Ba ka rubuta lokacin fita ba, ai ka san doka ce, maigida zai yi mini faɗa gobe," ya tattake dariyar da ƙafarsa, don mutane za su haɗiye ta su saurari sauran maganar.

Ku ji yadda manyan suke yi. Akwai wani shirin barkwanci na talabijin a Amurka, Saturday Night Live, da ake yi tun 1975. Marubutansa kan kwana rubutu daren Talata. Ranar Laraba a zauna a karanta wasanni wajen arba'in. Waɗanda ke kaiwa ga masu kallo daren Asabar ba su cika wuce takwas ko tara ba, sauran duk kwandon shara. Mutanen da aka tace aka zaɓo ke nan, amma mafi yawan abin da suka rubuta zubarwa ake yi. Tina Fey da na ambata ɗazu, a ajin nan-take ta taso a Shikago, amma da za ta shiga wannan shiri a 1997, a matsayin marubuciya aka ɗauke ta, kuma a 1999 ta zama shugabar marubutan shirin, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera.

Mu ma muna da namu tarihin. Malam Shu'aibu Maƙarfi wasannin rediyo ya fara yi, sannan aka buga Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Yau fiye da shekara sittin ke nan ɗalibai na karanta su. Wasannin da aka yi da ka kuwa, duk daɗinsu, wanda kaset ɗinsa bai tsira ba ya tafi, sai dai labari a bakin dattawan da suka gani. A kwanan nan ma, ku dubi Gidan Badamasi da aka nuna a Arewa24. 'Yan wasan gwanaye ne, ba musu. Amma abin da ya riƙe shi zango bayan zango shi ne an zauna an gina shi: attajirin tsoho guda, tarin 'ya'ya, kowanne da halinsa da abin da yake hari a dukiyar. Akwai marubuci a bayansa, Nazir Adam Salih, wanda ya daɗe yana rubuta littattafai kafin nan. Ku kwatanta da finafinan camama da yawa, inda darakta zai tara mutane a lokeshan ya ce, "Kai ka ci bashinsa, kai kuma ka zo karɓa, ku yi faɗa," a kunna kyamara. Fitowar da ta kamata ta ƙare a minti biyu sai ta kai goma.

Wani alherin rubutu kuma, a takarda ake kama rigima tun ba ta fita ba. Barkwancin da zai taɓa addini ko mutuncin wani ko wata ƙabila, in a rubuce yake, wani a teburin zai ce a'a, cire wannan. In kuwa a bakin kyamara ya suɓuce, aka ɗora, to sai dai ka ji kira daga hukumar tace finafinai ko sammaci. Sannan ga 'yan'uwanmu mata, waɗanda da yawansu a gida ba za a bar su su hau dandamali ko su fito a bidiyo ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da taron biki ya san irin barkwancin da ke bakin mata. Rubutu ba ya buƙatar fita, kuma cikin ajujuwan uku shi ne wanda ya fi tafiya daidai ta intanet, ko ma ta rukunin WhatsApp. Matan da suka riƙe kasuwar littattafan Hausa tun zamanin su Balaraba Ramat Yakubu ba abin da zai hana su riƙe rubutun barkwanci.

Illarsa ɗaya da zan faɗa: mai rubutu shi kaɗai a ɗaki yakan rubuta Hausar da ba mai yin ta a kasuwa. Jimla doguwa, mai kyau a ido, amma in ɗan wasa ya ɗauka sai ta sarƙe masa a baki. Maganinsa karantawa da ƙarfi, kullum, kuma a bakin wani.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Saura aktin. Yawancin abin da ake koyarwa a irin wannan aji yana komawa ne ga wani ɗan Rasha, Konstantin Stanislavski, wanda da shi aka kafa gidan wasan fasaha na Mosko a 1898. Tambayar da ya bar wa 'yan wasa ita ce: mutumin nan da kake fitowa a matsayinsa, me yake so a wannan fitowar? Wani malami a Amurka, Sanford Meisner, ya zo da wani horo da za ka ji kamar shirme. Mutum biyu su fuskanci juna, ɗaya ya ce, "Hularka sabuwa ce," ɗayan ya ce, "Hulata sabuwa ce," a yi ta maimaitawa. Tun ana jin kunya, har kalmomin su daina zama komai, ka fara ji a muryar ɗan'uwanka ko yabo yake, ko hassada, ko tuhumarka yake da satar hular. Nufin shi ne ka cire hankalinka daga kanka ka mayar kan wanda ke gabanka.

Me ya haɗa wannan da dariya? Ku koma ga maigadinmu. In ɗan wasan ya san abin dariya yake yi, yana zare ido, yana karkace baki, yana leƙen kyamara, wasan ya lalace. Dole maigadin ya yarda har zuciyarsa cewa littafin nan amana ce, kuma ɓarawon da bai sa hannu ba ya ci mutuncin aikinsa. Iya tsananin gaskiyarsa, iya dariyar mai kallo. Wannan ajin aktin ne ke koyar da shi, tare da abubuwan da ba a ganin su sai an rasa: inda za ka ja numfashi, tsawon shirun da za ka yi kafin ka saki magana, yadda za ka yi abu ɗaya sau goma a gaban kyamara kuma na goman ya fito sabo.

Kowa a nan ya san Mista Bin. Ku tuna fitowar ɗakin jarrabawa a kashin farko, wanda aka nuna ranar 1 ga Janairun 1990: ya jera biruka a tebur yana taƙama, ya buɗe ambulan ya ga tambayoyin ba daga inda ya karanta suka fito ba, ya shiga dabarar leƙen takardar maƙwabcinsa, sai dab da tashi ya gane akwai takarda ta biyu a cikin ambulan, ta fannin da ya karanta. Kusan ba magana, fuska ce da jiki da lokaci. Amma kada a ɗauka nan-take ne. Rowan Atkinson, wato Mista Bin ɗin, wanda injiniyancin lantarki ya karanta har Oxford, da abokinsa Richard Curtis da wasu, zama suka yi suka rubuta kowane motsi, kuma duk shaharar shirin nan kashi 15 ne kacal. Charlie Chaplin kuwa, a fim ɗinsa City Lights na 1931, akwai fitowa ɗaya da ya ɗauka sau 342 kafin ta yi masa.

Sai dai a kula, ajin aktin da yawa sun fi ba da ƙarfi ga wasan kuka da tashin hankali, barkwanci sai ɗan taɓawa. Ka tambaya kafin ka shiga. Mai son zurfin karatu, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, ga kuma Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos ɗin. Amma wannan maganar shekaru ce, ba mako takwas ba.

To, wanne za ka zaɓa? Abin da na lura, kowa yakan ruga ajin abin da ya riga ya iya, don a can za a yaba masa. Mai surutu ya tafi nan-take, mai kunya ya ɓuya a rubutu. Wannan kamar mai ciwon haƙori ne ya je ya sayo maganin ido don shi ya fi sauƙin ɗigawa. Ka ɗauki bidiyonka na ƙarshe, ka ba mutum uku da ba abokanka ba, ka zauna gefe ka kalli fuskarsu, ba allon ba. In sun yi dariya a farko sannan suka fara duba saura minti nawa, matsalarka rubutu ce. In labarin ya yi daɗi lokacin da kake ba su da baki, amma a bidiyon ya fito lami, to aktin ne ya gaza. In kuwa kai kaɗai ake ji, abokan wasanka na tsaye suna jiran ka gama, ko kuma kai ne ke daskarewa da zarar wani ya kauce daga abin da aka shirya, nemi nan-take.

A Shikago sukan ce wa sabon shiga ya fara da nan-take, kuma suna da hujja, don mutanensu da yawa ba su saba buɗe baki a gaban jama'a ba takarda ba. Ni dai, in matashin Bahaushe ya tambaye ni, kuma bai san inda ciwonsa yake ba, rubutu zan ce masa. Masu saurin baki sun yi mana yawa, masu fuskar ban dariya ma ba mu rasa ba. Wanda zai zauna ya gina wasan minti uku mai farko da tsakiya da ƙarshe, ya yarda ya yage shafi biyu cikin uku, shi ne ake nema da fitila.

Kafin ka miƙa kuɗinka ga kowa, a intanet ne ko a garinku, ka roƙi a bar ka ka zauna aji ɗaya ka gani. Ka ƙirga ɗaliban, don in sun kai arba'in, sau nawa layi zai zo kanka? Ka lura ko malamin yana gyara ko yabo kawai yake rabawa. Ka nemi ganin aikin waɗanda suka gama a hannunsa. Takardar shaida kada ta ruɗe ka, ba daraktan da zai tambaye ka satifiket ɗin ban dariya. Duk wanda ya ce kawo kuɗi zan sa ka a fim, riƙe kuɗinka. Ke kuma 'yar'uwa, duk wanda ya ce ki zo gwaji ke kaɗai a masauki ko bayan magariba, kada ki je, kuma ki gaya wa na gaba da ke.

Wanda ba shi da kuɗin aji kuwa, ga aikin wannan mako. Nemi mutum huɗu ko biyar masu irin ra'ayinka, ku tsayar da rana ɗaya da wuri ɗaya. Kowa ya zo da shafi biyu a rubuce, wasu su karanta, mai rubutun ya kama bakinsa ya riƙe biro. Wanda ya zo hannu rabbana, ranar ba shi da bakin gyara na wani. Ku yi haka mako takwas ba fashi kafin ku sake kunna kyamara.

 

(Kiɗan rufe shiri)